Mutumin da Ba Ya Barin Haske Ya Ratsa Katako

Kafin motocin kasuwar garin Hajj Abdalla su fara wucewa, Usta Hamid kafinta ya riga ya buɗe warsharsa, wato shagon aikinsa, da ke bakin magudanar ruwan gonaki. Shi kaɗai yake zuwa. Yakan yaye buhun da ya lulluɓe injin fere katako, ya shafa teburansa biyu na ƙarfe da tafin hannu: na gaba da ake ɗora katako, da na baya da ke karɓarsa bayan ya bi ta kan wuƙaƙe. Sai ya ciro miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe daga jikin ƙusa, ya shimfiɗa ta a kansu. In teburin baya ya sunkuya ko da kaurin gashi ne, sai ya yanko sillen gwangwanin madara ya cusa a ƙarƙashi, ya ɗaure, ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya murza musu kakin zuma. Ba ya sa mai, wai mai na ɓata fuskar katako. Mukan tsokane shi cewa ko amarya ba ta samun irin wannan gata.

Yana da dalilinsa. In teburan ba su daidaita ba, katako yakan fito da ciki ko da siririyar wutsiya, in an haɗa biyu aka yi ƙofa sai a samu kafar da iska da kunama da idon mai wucewa za su bi. Shi ya sa yakan haɗa gefen katako biyu ya ɗaga su saitin rana. In haske ya leƙo, aiki bai yi ba. A da, marigayiya Ramla matarsa ce ke riƙe masa ɗaya ƙarshen in ta kawo abincin hantsi. Tun da ta rasu, da bango yake jingina shi.

Shekarar da gari ya watse saboda yaƙi, kowa ya kama hanya, shi ya ƙi tafiya. Babu wutar lantarki, babu aiki, babu mai yi masa sallama, ga rufin kwano na zuba. Nasiba mai shayi, wadda ta riga kowa dawowa, ta ce ta tarar da shi ya rame, yana murza kaki a kan injin da ya daɗe bai yi ko tari ba. Ta tambaye shi amfanin haka, ya ce: "Ɗiyata, in an komo, gidaje za su so ƙohohi."

Haka kuwa aka yi. Aka dawo aka tarar da gidaje baki buɗe, babu ƙofofi. Ranar da wuta ta dawo, injin ya tashi babu ɗigon tsatsa a jikinsa.

Kai ne ka rufa mana asiri, Usta Hamid. Kai ne ka sa mata suka yi barci hankali kwance a ɗakunansu. Mun karɓi ƙofofi mun tafi, kaɗan ne cikinmu suka koma gaishe ka, kuma wannan abu yana ci min rai.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Hannunsa na jin tebura sarai, amma hasken nan ba ya ganinsa. Sai ya tsaya bakin warsha da katako biyu a ɗage, yana jiran wani ya gitta. Wani lokacin har hannu ya gaji. In ya ji muryar Nasiba yakan ce, "Ya Nasiba, zo ki duba min. Akwai haske?" Ita kuma ta ce, "Babu, Baba Usta. Tamam."

'Yarsa Ibtisam za ta tafi da shi birnin Sinja da zarar an yanke dawa. Babu wanda ya koyi aikin nan a hannunsa, kuma mai sayen tsoffin ƙarafa ya fara zagayen warshar. Duk da haka jiya na gan shi yana cusa sillen gwangwani ƙarƙashin teburin baya. Na ce ai saura kaɗan ya tafi. Ya ce, "Wanda za shi zo, gara ya iske su daidai."

Allah Ya saka maka da alheri, Usta Hamid, Ya buɗe maka idanunka, Ya jiƙan Ramla. Ku kuma 'yan garinmu da kuka kwana bayan ƙofarsa, dawa ta kusa nuna. Wani ya je ya riƙe masa ɗaya ƙarshen katakon, ya koya tun yana nan. Tebura dai suna daidai, mai zuwa ake jira.