Ranar da Na Rungumi Ɗan Farina a Gaban Surukata

Ɗana na fari yana da shekara huɗu kafin na yarda cewa ba rigima ce ke damunsa ba. Kafin nan na sha daka masa tsawa, Allah ya yafe mini, don ni mace ce mai saurin hawa, duk wanda ya zauna da ni ya san haka. Ƙara ce ke firgita shi. In babur ya wuce ƙofar gidanmu a Jega sai ya toshe kunnuwa ya sandare. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku. Yana iya wuni yana jera marafan kwalba a gindin bango, in kuwa ka gusar da ɗaya, ranar sai kowa ya ji a jikinsa.

Wata malama da muke koyarwa tare, Kirista ce da aiki ya kawo garin, ita ta matsa mini na kai shi asibiti. Likitar ta ce ba iska ba ce, ba kuma sangarta ba. Abin da mu muke ji kaɗan, shi da ƙarfi yake shigarsa. Ta koya mini in riƙa faɗa masa abin da zai faru tun kafin ya faru. In kuma firgitar ta zo, in zauna in jawo shi ƙirjina, in riƙe shi tsam, in yi ta magana ƙasa-ƙasa har ta wuce.

A gidana wannan ba wuya. Maigidan yana aiki a sakatariyar Maiyama, sai ƙarshen mako yake dawowa, daga ni sai yaron da ƙanwarsa. Ba mai ganina. Da ya ji ƙara zai sheƙo ya faɗa jikina, in ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna, a hankali ta lafa.

Matsalar tana Kashin Zama, gidan surukaina. A can uwa ba ta kula ɗan fari a gaban manya. Ba ta ɗaukarsa, ba ta lallashinsa, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ni kuwa na iya wannan kunya, har ina alfahari da ita. Ana cewa 'yar boko ce amma ta san ya kamata, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Wata Asabar muka je gaisuwa. Tun a mota nake karanta masa hanya: za mu sauka Aliero, mu hau babur, mu ga kaka, mu ci fura. Abu ɗaya na manta, injin niƙan maƙwabta da ke jikin katangarsu. Muna zaune a tsakar gida aka tayar da shi. Yaron ya rugo ya cukwikuye zanina. Surukata tana zaune, ga matan gidan su huɗu. Na sa hannu na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na tura shi wajen kakarsa.

Ita kuma ta cafe shi tana dariya. "Taho nan, angona, mi kaka nema ga wagga? Ni ta matarka!"

Wasan jika ne, da ƙauna ta yi shi. Amma shi bai san wasa ba, abin da ya sani an riƙe shi, ƙara tana cin kunnensa, uwarsa kuma ta juya baya ta shige madafa. Ina can ina juya tukunyar da ba ni na ɗora ba, ina jin ihunsa har muryarsa ta dushe. Da aka kashe injin na fito, na tarar ya jiƙa wandonsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai bayan mun dawo Jega ne. Babur ya wuce, na buɗe hannu kamar kullum, yaron ya dube ni ya wuce ya shige ƙarƙashin gado. Haka ya yi washegari, haka ya yi rana ta uku. Ya daina zuwa wurina. Nakan kwanta a ƙasa a bakin gadon in miƙa hannu ciki, ba na taɓa shi, ina jira kawai. Sai da aka kusa wata guda kafin ya soma ɗora yatsunsa a kan nawa. Na ji haushin injin, na ji haushin masu injin, amma na san mai laifin.

Lokacin cirar albasa muka sake komawa. Wannan karon na faɗa masa akwai inji, zai yi ƙara, zai kuma daina. Gidan cike yake da albasa an baza a inuwa, mata suna ware masu tabo. Yaron ya samu wuri ya tsuguna yana jera ƙanana a layi, ba wanda ya hana shi. Ina ɗauke da faranti zan kai wa surukata aka tayar da injin.

Ya toshe kunnuwa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi matan, bai motsa ba. Ya riga ya gane cewa a wannan gidan ba shi da uwa. Sai ya soma ja da baya yana neman lungu.

Na dire farantin a ƙasa. Na je na zauna dirshan cikin ɓawon albasa, na jawo shi ƙirjina, na ɗora haɓata a kansa. Jikinsa kamar itace. Na yi ta cewa ina nan, ina nan, zai daina. Kunnuwana sun yi zafi don kunya, ban ɗaga kai ba.

Matar wan mijina ta tafa hannu. "Lalle yau mun ga abu! Ɗan hwari a cinya, gaban Inna?"

Aka yi dariya. Da a wani wurin ne da na mayar mata, amma hannuwana a cike suke. Can na ji wuyansa ya saki, ya kwantar da kai a kafaɗata tun injin bai mutu ba.

Surukata ta ci gaba da ware albasa har la'asar. Da za mu tafi ta ce za ta taka mana, abin da ba ta saba ba. Na ce yau zan sha faɗa, na shirya haƙuri. Muka fita bayan gari, yaron yana riƙe da gefen mayafina.

"Ke ɗiyata," ta ce, "kullum in ya hirgita haka kika yi mai?"

"Haka ne, Inna. Ku yi haƙuri."

Muka ɗan taka.

"Ubanshi yana rarrahe yah hwaɗa murhu. Ina tsaye, kamar nan da iccen can. Uwar mijina na zamne. Ban taɓa shi ba, sai da tat tashi da tsuhwanta tad ɗauke shi. Anka yi ta yabona, wai ina da kunya."

Na san tabon. Yana bayan hannun mijina na dama, shekara shida ina ganinsa, ban taɓa tambayar yadda ya tsaya a wuta har ta ci shi haka ba.

Mai babur ya tsaya a gabanmu. Ta duƙa ta dubi jikanta, ba ta taɓa shi ba, ba ta tsokane shi ba. Sannan ta miƙe ta dube ni.

"Kak ki tsaya jiran kowa," ta ce. "Ki riƙa ɗaukar abinki."