Kazar Inna Laure ta hana ni tada mota

Jama'a, yau kaza ta ƙwace min mota!

Tunda mai ya yi tsada a-kori-kurata take tsaye a ƙofar gidan maƙwabciyarmu Inna Laure, don lungunmu mota ba ta shiga. Kullum sai ta yi min faɗa: "Sani, ka ɗauke akwalar nan, ta tare min wurin shanya!" Har gun mai unguwa ta kai ni.

To yau na samu lodin wake zuwa Dawanau. Na samo mai a galan, na zo da murnata na ce, "Inna, yau kin huta!" Sai ta yar da tsintsiya ta sha gaban motar.

"Wallahi ba inda za ta!"

Na ce, "Inna, ba ke kika kai ƙarata ba?"

Ta ce, "Leƙa ƙasa."

Na durƙusa. Kazarta ce take kwanci a bayan taya, har tana hararata! Na ce a mayar da ƙwan akurki mana. Inna ta riƙe baki: "A taɓa ƙwan kwanci? Ai ta guje su ke nan! Da su zan yi wa jikokina kayan Sallah."

Mai wake yana ta kira. Ina ji ina gani na haɗa shi da wani direba.

Inna ta damo min fura ta ce, "Sha, ɗan albarka. In ta ƙyanƙyashe, zakara naka ne." Na kai ƙwarya baki ke nan ta ƙara da cewa, "Ranar kuma ka ɗauke min akwalar nan daga ƙofar gida!"