Hoton Bahago

Duk wanda ya taɓa yin aski a layin bayan kasuwa ya san shagon 'yan biyu. Ɗan tsukukun ɗaki ne mai kujeru biyu da madubi biyu, da bencin masu jiran layi, da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Masu shagon tagwaye ne, ɗaya da hagu yake aski, ɗayan da dama, shi ya sa tun suna samari sunayensu na gaskiya suka bi ruwa. Wannan ya zama Bahago, wancan Na-Dama.

Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, sai dai duk abin da ɗaya yake da shi a dama, ɗayan a hagu yake da nasa. Na-Dama yana da tawadar Allah a kuncin dama, ta Bahago tana kuncin hagu. In dariya ta zo, bakin wannan ya karkace nan, na wancan ya karkace can. Har kafaɗa ma haka, riƙon almakashi ya ɗage wa kowa ta ɓangarensa. In suka tsaya suna fuskantar juna sai ka rantse mutum ɗaya ne da madubinsa.

A hali ne suka raba gari. Na-Dama mutum ne mai ɗaure fuska da ƙananan mita, wanda zai tsaya yana auna sajenka kamar a kansa za a yi masa hisabi. Bahago kuwa bakinsa ba ya hutawa, ga dariya kamar ya saya da araha. Askin Na-Dama ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma layin Bahago ya fi tsawo, kuma wannan rashin adalci na duniya Na-Dama bai taɓa daina ƙorafi a kansa ba.

Abu ɗaya ne ba a iya sa Bahago, wato ya tsaya a ɗauke shi hoto. Ba wani dalili ba ne, tsabar ƙiwa ce da shaƙiyanci.

"Hoto?" yakan ce, yana nuna ɗan'uwansa da mataji. "Ni da nake da hoto mai ƙafa biyu, yana ci yana sha, har faɗa yake yi mini?"

Ko katin shaida aka nema, sai ya buɗe aljihun teburin Na-Dama ya zari ɗaya daga cikin ƙananan hotunansa ya kai. Ba wanda ya taɓa lura, don wa ke da lokacin duba kuncin da tawada take?

Mutum ɗaya ce tak ba ta ruɗuwa, ita ce 'yar Bahago. Tun tana rarrafe sukan yi musayar riga su zauna gefe da gefe, a ajiye ta a ƙasa. Sai ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta wuce Na-Dama ko a jikinta, ta dafe ƙafar ubanta. Daga nan suka laƙaba mata Alƙaliya.

Bahago bai kai arba'in ba zazzaɓi na 'yan kwanaki ya tafi da shi. Uwar yarinyar ta riga shi, don haka Alƙaliya ta koma ɗakin matar Na-Dama, aka rene ta tare da 'ya'yan gidan. Na-Dama ya ci gaba da buɗe shago, don baki ba ya jiran makoki. Amma daga ranar ya koyi aski ba tare da ya ɗaga ido ba. Kan mutum kawai yake kallo, ƙeya da saje da bayan kunne. Mutumin da ke cikin madubi da hagu yake riƙe da almakashi, tawadarsa tana inda ta ɗan'uwansa take, kuma Na-Dama ba shi da zuciyar da zai haɗa ido da shi a gaban mutane. Yana kewarsa ƙwarai, har surutun da yake cewa ya ishe shi.

Shekaru suka tura. Alƙaliya ta girma, aure ya kai ta wani gari mai nisa, tafiyar yini a jirgin ƙasa har da canji a hanya. Ran nan ta kira Na-Dama a waya. Bayan gaisuwa sai ta kawo abin da ke ranta.

"Baffa, don Allah ko akwai hoton Baba ko guda ɗaya? Ko tsoho ne, ko ya yage."

"Me ya tayar da wannan kuma, 'yar nan?"

"Fuskarsa ce ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina nemansa, kai nake gani. Ba wai na ƙi ganinka ba ne, Baffa. Amma tsoro nake ji."

Ya ce mata zai duba, kuma da kansa zai kawo mata. Bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ya zazzage akwatuna, ya ɗaga katifa, ya bi tsofaffin abokan cinikinsu gida-gida. An samu hotuna kam, har da na katin shaidar marigayin, amma duk wanda ya ɗauka sai ya ga tawada a kuncin dama. Shi ne dai, shi ne dai, yana harara kamar mai hoton ya ci masa laifi.

"To ka kai mata ɗaya daga ciki mana," in ji matarsa. "Ai duk kanwar ja ce."

"Wa zan ruɗa? Alƙaliya? Yarinyar da ko haƙori ba ta da shi ta gane mu?"

Haka ya kama hanya hannu rabbana, daga jakar kaya sai almakashinsa da mataji a aljihu, don ba ya zuwa ko'ina ba su. A garin da ake canjin jirgi aka ce na gaba sai azahar. Zaman tasha ya gundure shi, ya fita yana miƙe ƙafa. A wani layi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, ya ga ɗan shago da aka jera hotuna a tagarsa. Ba na takarda ba ne, a kan fallayen ƙarfe baƙi suke, fuskokin suna ɗan ƙyalli, idanun kamar za su ƙifta. Ya tsaya yana kallo, kuma da yake mai hali ba ya fasa halinsa, askin mutanen ya fara dubawa.

"Wannan kam an cuce shi," ya faɗa a fili. "Saje ɗaya ya fi ɗaya."

"Ni dai yadda ya zo na ɗauke shi, Baba."

Wata mace ce a bakin ƙofa, ba yarinya ba ce kuma ba ta tsufa ba, yatsunta sun yi baƙi kamar na mai rini. Ita ce mai hoton. Ta ce ya shigo ya huta, kallo kyauta ne. A ciki akwai wani warin magani mai hawa kai, da kujera ɗaya kusa da babbar taga, da akwatin katako a kan ƙafafu uku, an lulluɓe bayansa da baƙin ƙyalle. Ta ce na kakanta ne, irin aikin mutanen da ne, ita ta ƙi bari ya mutu.

Na-Dama ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya yi tambayar da shi kansa ya san ta wauta ce.

"'Yata, wannan abin yana iya ɗaukar mutumin da babu shi?"

Ba ta yi dariya ba. "A'a, Baba. Wanda ya zauna a gabansa kaɗai ya sani." Ta ƙare masa kallo. "Amma kai ga ka nan, jirginka kuma da saura. Fuska irin taka akwatin nan yake so, mai layi-layi."

"Tsufan nawa kike yi wa ba'a?"

"Yabonsa nake yi."

Bai san abin da ya zaunar da shi ba. Wataƙila kunyar isa hannu rabbana ce, ya ga gara ya kai ko nasa ne. Ta tambayi sana'arsa, ta ce ya riƙe kayan aikinsa, ya ciro almakashi ya ɗora hannu a ƙirji. Ta jingina masa wani ƙarfe mai baki biyu a ƙeya don kada kansa ya motsa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana danna kawunan mutane yana cewa kada su motsa, yau ga shi an kama nasa, har ya ji tausayin yaran da yake yi wa tsawa.

Ta ɗauko fallen ƙarfe, ta zuba masa wani ruwa mai yauƙi, tana karkata shi a hankali har ya rufe ko'ina. Ta shiga ɗan ɗakin duhu da shi, ta jima, ta fito da shi a rufe cikin gidansa na katako, ta zura a bayan akwatin.

"In na cire murfin nan kada ka motsa sai na mayar. Numfashi dai an yarda. Ka tuna wani abu ka riƙe shi a ranka, ya fi sauƙi."

Abin da ya faɗo masa shi ne Bahago yana nuna shi da mataji, yana kiransa hoto mai ƙafa biyu. Dariya ta taso masa, ya danne ta, ta maƙale a gefen bakinsa. Haka ya zauna da ita har aka mayar da murfi.

Ta sake shiga ɗakin duhu, sannan ta fito da fallen a cikin tasa ta kira shi. Da farko wata fuskar dodo ya gani, gashi baƙi, fata fara, ido kamar rami. Ta zuba wani ruwan tana girgiza tasar. Sai hazon ya fara yayewa daga gefe, kafaɗa ta fito, hannu ya fito, fuska ta juye ta zama ta mutum.

Almakashin yana hannun hagu. Tawadar tana kuncin hagu. Bakin ya karkace can, ɓangaren da nasa bai taɓa karkacewa ba, yana shirin fashewa da dariya.

Na-Dama ya lalubi kujera ya zauna.

"Af, na manta ban gaya maka ba," in ji mai hoton. "Haka akwatin yake, komai juya shi yake yi, dama ta koma hagu. Wasu ba sa so. In bai yi maka ba..."

Sai ta ga hawaye yana bin gemun tsohon. Bai ɓoye ba. Ya sunkuya a kan tasar yana kallo son ransa, abin da ya hana kansa shekara da shekaru. Ba kamar na madubi ba, wannan bai motsa don ya motsa ba, bai kawar da ido don ya kawar ba. Yana nan zaune cikin ruwa, yana jiran a tanka masa.

"Kai dai ba ka da kirki," Na-Dama ya ce a hankali. "Sai da ka sa na zauna maka wannan ma."

Ta busar da fallen a kan 'yar fitila, ta shafe shi da wani mai mai ƙamshi, ta naɗe a takarda. Ta ce ya kula da shi, irin wannan hoton guda ɗaya yake fitowa, ba a wanke na biyu.

A cikin jirgi ya rungume shi a ƙirji, zuciyarsa tana ta saƙa da warwara. Me zai hana ya ce a wajen wani tsohon abokinsu ya samo? Yarinyar za ta yi murna, ba wanda aka cuta. Ya shirya ƙaryar tsaf, har da sunan layin da abokin yake. Kafin su isa ya maimaita ta har ta zauna masa a baki.

Rana ba ta faɗi ba ya isa. Alƙaliya ta tare shi da murna, ta karɓi jakarsa, ta kawo ruwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi hoto ba, kuma ya gane tsoron amsar take yi. Ya ciro ƙunshin ya miƙa mata. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta warware takardar.

"Baba," ta ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, irin ta lokacin da take jiran ubanta a bencin shago.

Ƙaryar tana kan harshensa. Ya dubi yadda ta riƙe fallen da hannu biyu, sai ya ji ba zai iya ba.

"Ni ne, 'yar nan. Ɗazu aka yi a hanya, akwatin ne yake juya mutum. Na nema, wallahi na nema, ban samu ko ɗaya ba. Ki yafe mini."

"Na sani, Baffa." Ba ta ɗago ba. "Babana bai yi furfura ba."

Kunya ta rufe shi. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye, ta manna shi a jikinta. Sannan ta sake dubawa, ta sa ɗan yatsa tana bin farin gemun da layukan goshin a hankali.

"Kullum ina tambayar kaina, da yana raye yaya zai zama yanzu. Ko zai yi sanƙo, ko zai rame, ko dariyar tana nan." Ta ɗago, fuskarta jiƙe, tana murmushi. "Ga shi na gani. Ashe tsufan nan da kake ta mita a kansa, Baffa, ku biyu kake yi wa."