Ranar da Manzo mai hoto ya lulluɓe Malam Zakariya'u

Manzo mai hoto ɗan Dogo-Dogo ne, amma a Magarya ya yi suna. Ya bar lakwal, makarantar boko, a aji huɗu, ya yi noman gero, ya yi kabu-kabu shekara uku, har ranar da ya kayar da wani ɗan kasuwa da kwandon kajinsa cikin rairayi. Ya ce tun da ya ga kaji suna gudu gabas, mai kaji yana bin sa yamma, ya gane ba sana'arsa ba ce. Sai ya tafi Damagaram ya zauna wurin wani mai ɗaukar hoton katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya dawo da tsohuwar kamara da ya sayo a Kano.

A saman kamarar akwai ɗan maɓalli da ake murzawa. Idan aka kai shi kan koren tambari, wanda masu hoto ke kira oto, kamara ce ke yanke yawan hasken da zai shiga. Idan aka kai shi kan harafin M, mai hoto ne ke yankewa da hannunsa. Manzo ya ce mini oto kamar sabon ma'aikacin gwamnati yake, ba ya tambayar kowa, kuma da ya ga farar babbar riga shi ke nan ya manta da sauran jama'a.

A bikin farko da ya ɗauki hoto, oto ya yi amfani da shi. Farar shaddar ango ta fito har da kowane zare na aikin wuya, amarya kuwa a gefensa ba a ganin komai sai haƙora da 'yan kunne. Gwaggwannin amarya suka yi masa wankin babban bargo a ƙofar gida. Daga nan ya koma kan M, ya yi ta ƙara haske har amare suka riƙa fitowa farare tas, ba tare da sun shafa mai ba. Da ya sami daidai wurin, sai ya manna sikoc, wato salatif, a kan maɓallin don kada ya motsa. Shekara goma sha ɗaya bai ɓanɓare ba. Kullum a inuwa yake jera mutane bayan la'asar, ya danna, ya tafi. Teloli sun tsane shi, domin a hotunansa aikin rigar ango yakan narke ya zama kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Mata kuwa tun daga Dungas har bakin iyaka ba sa son kowa sai shi.

Bara da kaka aka kira shi Dungas, bikin Ɗela, 'yar autar Malam Zakariya'u dillalin shanu. Mijinta a Agadas yake aiki, can za a kai ta. Tsohon bai taɓa tsayawa gaban kamara ba sai don katin dantite, amma ya aika aka kira masa Manzo, ya ce hoto ɗaya yake so na yarinyar, wanda zai ajiye a ɗakinsa, don shi da Agadas sai dai labari, ƙafafunsa ba za su jure wannan hanya ba.

Manzo ya ɗauki hotuna ranar Alhamis, ya wanko su a Magarya, ya dawo da su Asabar da hantsi, ranar da mota za ta tashi da amarya. Mata suka yi ta guɗa a kansu. Ya zaɓi mafi kyau ya kai wa tsohon a gindin itacen bedi, inda yake zaune da amininsa Inusa mahauci.

Malam Zakariya'u ya duba, ya nisanta, ya kusanto, sannan ya miƙa wa Inusa. Inusa ya ce ma sha Allah, 'yar wane Balarabe ce.

"Baba, Ɗela ce," in ji Manzo.

"Shekara arba'in ina dillanci," tsohon ya ce. "In na kai maka baƙar karsana ka dawo mini da fara, gaban alƙali za mu. Ɗauki abinka, ka kawo mini 'yata."

Manzo ya so ya yi bayanin yadda mata ke so. Tsohon ya ce matan su rataye wannan a ɗakinsu.

Mota ta riga ta iso, ana ɗaure kaya. Amarya tana ciki wurin gwaggwanni, ba za a fito da ita ba sai lokacin sallama da uba, daga nan sai mota. Rana tsaka ce, ba la'asar ɗin da ya saba ba. Manzo ya ɓanɓare sikoc ɗin. Ya gaya mini gaskiya, ya manta inda ake mayar da lambobin. Ya murza zuwa oto ya gwada a kan wata mata mai farin mayafi, ta fito kamar tukunya a cikin likkafani. Amarya kuwa da farin mayafi za ta fito.

Sai ya kalli tsohon. Fatarsu ɗaya da 'yarsa, kowa a unguwar ya sani. Ya aro farin mayafi a cikin gida, ya dawo ya durƙusa.

"Baba, ku yi haƙuri, sai kun yafa wannan."

Inusa ya kwanta a tabarma don dariya. Malam Zakariya'u ya tambaya ko babu wata hanya, Manzo ya ce in akwai, bai san ta ba. Tsohon ya cire hularsa, ya karɓi mayafin, ya ce duk wanda ya kai maganar nan kasuwar shanu bai yafe ba.

Haka dillalin da ake tsoro a kasuwannin ƙasar Dungas ya zauna a kujera lulluɓe, gemu a waje. Manzo ya mayar da maɓalli kan M, yana rage haske kaɗan kaɗan, yana dannawa, yana nuna wa Inusa a gilashin bayan kamara. Na farko Inusa ya ce wannan Buzu ne. Na uku ya ce an kusa, amma ya yi kyau da yawa. Sai a na bakwai ya dafa kafaɗar Manzo.

"Tsaya nan. Wannan Zakariya'u ne, har da muninsa."

Suna cikin haka aka fito da amarya, kafin tsohon ya gama warware mayafin daga wuyansa. Ɗela tana kuka kamar yadda amare ke yi, ta ɗaga kai ta ga ubanta, kukan ya sarƙe da dariya. Tsohon ya tashi, ya zaunar da ita a kujerar da ya tashi, ya ce ta buɗe fuskarta. Manzo ya danna sau biyu, gwaggwanni suka ja ta zuwa mota.

Ranar Talata Manzo ya kai hoton zuwa Dungas a kan moto, cikin ambulan. Matan gidan suka leƙa suka ce hoton ya lalace, tsufa ya fara kama Manzo, wata ta roƙe shi kada ya bari hoton ya shiga wayar salular kowa. Malam Zakariya'u ya karɓa ya fita da shi hasken rana. Fuskar Ɗela ce, baƙa mai sheƙi, hawaye a kumatu ɗaya, baki a buɗe rabi. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ce," ya ce. "Dariya take mini, marar kunya."

Bai mayar da shi cikin ambulan ba. Ya shiga ɗakinsa da shi, ya bar Manzo a tsaye a ƙofa, ko ruwa bai ce a kawo masa ba.