Saƙon da ba a aiken yaro da shi

Shekaranjiya na kai kaya wani gida a Lanham, nan Amurka. Matar gidan na buɗe ƙofa, ƙamshin sukari da lemun tsami a kan wuta ya bugi hancina. Na koma mota na zauna, ni da ba na iya zama wuri ɗaya, ina tuna Khala.

Khala 'yar Siriya ce, ƙofarta na kallon tamu a benen da na tashi a Landover. Khala da Larabci inna ke nan, haka duk yaran benen ke kiranta. Daga ita sai mijinta, ba ɗa ba jika. Ni kuwa tun ina ƙarami ƙafata ba ta zama, makaranta ma daga baya ajiye ta na yi ban gama ba, to rabin yarintata a kicin ɗinta na yi ta. In dusar ƙanƙara ta hana mu fita, miyar jan wake take zuba min da burodi mai zafi. In zafi ya shigo kuma, sai ta dafa halawa da sukari da lemun tsami, matan benen su zo ta cire musu gashi, ana dariya har waje.

A gidanmu Yaya ce 'yar fari. Umma kuwa Bazazzagiya ce ta gaske, kunyar 'yar fari ta taho da ita har Amurka ba ta rage komai ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama su yi hira. Suna ɗaki ɗaya sai ta ce min, "Kai, ka ce wa waccan ta sauke tukunya." Kada ka ce ba ta sonta. Tsokar da ta fi kyau a kwanon Yaya take sauka, amma ni ake ba in kai.

Yaya na sakandare abubuwa suka fara canzawa. Ƙiba ta zo mata haka kawai, ƙuraje suka cika fuska, wuyanta ya yi duhu, gashi ya fara fitowa a haɓarta. Yarinyar da ake jin dariyarta tun daga matakala ta koma jan hijabi har kan leɓe. Ta daina zuwa islamiyya, ta fara cewa bokon ma ta gama da shi.

Umma ta gani, har ta ga abin da mu ba mu gani ba. Watanni Yaya ba ta yi fashin salla ba, azumi ya zo ya kusa ƙarewa ba ta sha ko ɗaya ba. Amma wannan ba saƙon da ake ba yaro namiji ba ne, ita kuma bakinta ba zai iya ba. Sai ta yanke cewa sanyi ne. Kullum ta dafa hulba da kanumfari ta miƙo min kofi. "Ka ce ta shanye." Ni a zatona mura ce ta ƙi jin magani.

Ana gobe Salla Yaya ta lallaɓa wurin Khala a cire mata gashin haɓa. Ba a jima ba sai ga Khala ta shigo mana riƙe da hannunta, ta zauna a kan kafet ba wanda ya ce bismilla. Umma ta juyo gare ni.

"Tambayi waccan me ya kai ta gidan mutane."

"A'a, 'yar'uwa," in ji Khala da Turancinta mai rabin Larabci. "Ga ta nan a gabanki, ba ta mutu ba. Kai, habibi, je ka sayo min lemun tsami."

Na ce ai na ga kwano cike a kicin ɗinta.

"Ka sayo wasu, sarkin surutu."

Abin da aka faɗa bayan fitata, sai da na girma Yaya ta gaya min. Ashe Khala ma haka ta yi tana budurwa. Matan unguwarsu suka ce in ta yi aure zai wuce. Ta yi auren bai wuce ba, haihuwa ba ta zo ba, kuma ba wanda ya ce mata ciwo ne mai suna sai da lokaci ya ƙure. Ta ce har yau mata da yawa a garinsu cire gashin kawai suke yi su yi shiru. Ta ce wa Umma, "Tawa uwar ma kunya ta ji. Ba ta da mugunta. Amma dubi gidana."

Bayan Salla Umma da kanta ta hau bas da Yaya zuwa asibiti, ta shiga har ɗakin likita. Aka ce PCOS ne, sinadaran jiki ne suka rikice har ƙwan haihuwa ba ya fita a kan lokaci. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana iya riƙe shi da magani da kula da abinci da motsa jiki. Yaya ta koma makaranta ta gama. Yanzu tana aure a Upper Marlboro. Ta sha zirga-zirgar asibiti kafin ta samu ɗanta, amma ta san me take nema, ba ta yi ta lalube ba.

Khala ta koma wata jiha wurin ɗan ƙaninta bayan rasuwar mijinta. In na kira ta har yanzu faɗa take min kan makaranta. Allah ya saka mata da alheri, ya sa ta gama lafiya. Benen nan ya cika da sababbin mutane, maƙwabci ba ya sanin maƙwabci, wani lokaci nakan ce ko wace yarinya ce ke jan hijabi a can yanzu, ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Umma har gobe ba ta kiran sunan Yaya. Amma makon jiya ina tuƙa ta zuwa kasuwa, ta kira Yaya a waya, murya a buɗe.

"Ke, kina shan maganin kuwa? Ya zo wannan watan?"

Na ce, "Umma, ina nan fa."

"To toshe kunnenka. Wa ya aike ka?"