Bokiti da Silifas ɗin Merv

Tun kafin rana ta ɗaga za ka tarar da Merv Tuckwell a filinmu na golf ɗin faifai, wasan da ake jefa faifan roba cikin kwando daga nesa, yana share kashin kangaru daga kan dandamalan da muke tsayawa mu yi jifa. Ba wanda ya sa shi. Bana gwiwarsa ta ce ya isa haka, zai ajiye tsintsiya, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba.

A da dandamalan nan ƙasa ce zalla, ruwa na sauka sai taɓo. A nan Colleen Brady ta zame ta karye a ƙugu, tsohuwar da ba ta fashin wasan Asabar. Da ta warke, 'yarta ta kafa mata doka: ta ƙara faɗuwa, ita da faifai sai kallo.

Muka yi ta musu a bakin wutar gashi kan abin da za a sa wa dandamalan, wannan ya ce shimfiɗar roba, wancan ya ce ciyawar leda, wani siminti. Merv kuwa ya tashi. Gida ya tafi ya shimfiɗa kowanne a tsakar gida, ya sheƙa masa bokitin ruwa, ya zura silifas, ya taho a guje kamar mai jifa. Maƙwabcinsa Gary ya leƙo ta katanga ya gan shi a rigingine a kan robar.

"Tsoho, ka gaji da duniya ne?"

"Gara ni da Colleen," in ji Merv. "Ni ba ni da 'yar da za ta hana ni wasa."

Siminti ne ya ci, amma sai an karce fuskarsa da tsintsiya tun yana ɗanye. Da tsintsiyar matarsa Dawn ya karce duka, har yau tana yi masa gori.

Ranar da Colleen ta dawo ana yayyafi, 'yarta na tsaye ta harɗe hannu. Colleen ta taka, ta juya, ta saki. Faifan ya wuce kwandon ya faɗa rafi.

"Shi ya faɗi," ta ce wa 'yarta. "Ni ina tsaye."

Merv, kai ne ka sha ƙasa domin tsohuwa ta tsaya da ƙafarta. Mun gode, mai bokiti. Ku kuma matasan da ke jifa a kan simintinsa, tsintsiyar tana jingine a bayan rumfa, kuma kangaru ba su yi ritaya ba.