Yaya Ya Aike Ni Leƙen Asirin Goge

Asabar: Kano zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, muka fita daga gidan Yaya Alhaji da ke Nassarawa GRA, ni da direbansa Malam Sabo, mutumin Ringim. Aike ne ya fitar da ni. 'Yarsa Nabila, da aka tura Abuja karatu, ta shiga wata ƙungiyar kiɗan Turawa, wai goge take yi. Yaya ya rantse in akwai abin kunya a ciki za ta dawo Kano ta ƙarasa karatun a gabansa, gogen kuma a hura wuta da shi.

"Binta, ke ce ba kya rufa wa kowa asiri," in ji shi a bakin get. "Je ki gano min."

Yabo ne ko zagi, oho. Na dai shiga mota.

A Kwanar Ɗangora Malam Sabo ya kunna kiɗan da Nabila ta tura masa a waya. Na jira minti goma.

"Malam Sabo, mawaƙin bai iso ba ne?"

"Hajiya, ai ba mawaƙi. Haka yake har ya ƙare."

Kiɗa ba waƙa, ba kirari, ba a ambaci uban kowa ba! Tuwo ba miya ke nan. Bayan Zariya wani mai kaki ya tsayar da mu a shinge, ya leƙo, ya kasa kunne, sai ya cire hula ya yi mana gaisuwar rashi, wai kiɗan makoki ne. Ban musa masa ba.

Ƙarfe tara muka ci shinkafa a Mararrabar Jos, dubu biyu da ɗari biyar faranti, namanta sai ka ce takalmin roba. Ɗaya da kwata muka sauka Kubwa, gidan wata ƙawata.

Zauren kiɗa, ƙarfe huɗu

Nabila ta tare ni a ƙofa, baƙar doguwar riga, ɗankwali daram a ka. Ta hango sababbin kuɗi a jakata, ta riƙe min hannu.

"Gwaggo, don girman Allah, ba a liƙi. Ba a magana. Ba a ko tafi sai mai sanda, jagoran makaɗa, ya juyo."

Makaɗa sun fi arba'in, kowa da takarda a gabansa kamar ɗakin jarrabawa. Suka kaure da wani ƙi-ƙi-ƙi, na ce a raina Yaya ya yi gaskiya, a kawo ashana. Ashe gyaran tsirkiya suke. Can mai sandan ya fito, wani tsoho da ɗan tsinke a hannu, ya juya wa manya baya ko kunya babu, ya hau kaɗa hannu.

Kiɗan farko na wani mashahurin Bature ne da ya daɗe a ƙasa. Na ma san shi, shi ake sa min in na kira waya aka ce in jira. Na ɗan gyangyaɗa.

Na biyun ne ya kama ni. Daga baya Nabila ta ce min mai shi ya mutu ba wanda ya san da zamansa, a akwati aka tsinci takardunsa. Wasu manyan goge masu tsayin mutum suka fara gurnani ƙasa-ƙasa, sarewa ta amsa, sai kowa ya lafa aka bar 'yar Yaya ita kaɗai. Yarinyar da na goya! Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ba a ce uffan ba, amma na tuna duk wanda na rasa, na yi kuka har da majina.

Sai tsit. Ni kuwa na ɗauka an gama. Na miƙe, na kama hanci, na rangaɗa guɗa irin ta kai amarya.

Zauren nan kaf ya waiwayo. Mai sanda bai juyo ba, kafaɗunsa kawai na ga suna rawa. Nabila ta sunkuyar da kai. Ashe hutu ne na tsakiya, da sauran kashi biyu. Na zauna na ja mayafi har hanci.

"Gwaggo, kin kashe ni," ta ce da aka tashi. Sai idonta ya ciko. "Me za ki ce wa Baba?"

"Gaskiya mana. Kin taɓa ji na faɗi wani abu daban?"

Lahadi: komawa gida

Shida muka taso, ni da bakina na ce Malam Sabo ya kunna kiɗan mai akwatin nan. Biyu saura muka shiga get, muka tarar da Yaya a ƙarƙashin mangwaro, ko ruwa bai bari na sha ba.

"Goge ne ko ba goge ba?"

"Goge ne, Yaya. Sun fi ashirin ma."

"Abin kunya fa?"

"An yi guda ɗaya tak, kuma ƙanwarka ce ta yi shi."

Na kwashe labarin guɗa na ba shi. Ya yi dariya har da tari.

"Ta iya kuwa?" ya ce a hankali.

"Ni ta sa kuka, Yaya. Ni, Binta."

Ya daɗe yana kallona, don ya san ko ranar rasuwar Inna ban yi hawaye a gaban mutane ba. Sai ya ɗaga murya: "Sabo! Kawo wayar nan in ji."

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Sabo da ƙawata ta Kubwa. Mai sanda kuma, Allah Ya ba shi haƙuri.